SHIRIN YAU: Yadda ake ɗaukar hoton namun daji, daga baƙin beyar na Amurka zuwa shamuwar ƙasar Daura

Yau hirarmu kan ɗaukar hoton namun daji ce. Na san wani zai ce, to mu a Daura wane naman daji ya rage mana? Ku ɗan yi haƙuri, za mu zo nan. Bari mu fara da Amurka tukuna.

A can akwai wata dabba da ake kira baƙin beyar, mai kaurin jiki da baƙin gashi, tana cin 'ya'yan itace da ƙwari da kifi da duk abin da ta samu. In ka gan ta za ka ɗauka ba ta da sauri, amma tana gudun kusan kilomita 50 a awa guda. Usain Bolt kansa, ranar da ya kafa tarihi a 2009, bai wuce kilomita 45 ba. Shi ya sa a gandun dajin Yellowstone doka ta ce kada ka kusanci beyar ƙasa da yadi 100, wato kimanin mita 91.

Dokar nan tana kare mutum, amma ta fi kare dabbar. Beyar ɗin da ya saba samun abinci a hannun masu ɗaukar hoto yana daina tsoron mutane, ya fara shiga tantuna da motoci. Daga ƙarshe ma'aikatan gandu su harbe shi, don ya zama haɗari. Ka ga hoto guda ya jawo asarar rai kenan.

Wannan darasin ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya je Yankari a jihar Bauchi ya san gwaggon biri na sansanin Wikki. Sun saba da mutane har suna fizge leda a hannu, suna kutsawa ɗaki. Sabo da abincin baƙi ne ya mayar da su haka. Don haka ƙa'ida ta farko: kada ka ba naman daji abinci don ya matso kusa da kyamararka.

To ina za mu samu dabbobin? Yankari dai an kafa shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, dorina da mugun dawa. Lokacin da ya fi shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, don ciyawa ta bushe kuma dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. A Nijar kuma akwai raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 kacal suka rage, amma da kariya suka haura 600. A 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maradi. Sai dai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, har da ɗan jagora. Kafin ka ɗauki jaka, fara tambayar halin tsaro, kuma kada ka shiga kowane daji ba tare da ma'aikacin wurin ba.

Amma ni shawarata, fara daga gida. Ƙasar Daura, daga Sandamu da Mai'adua zuwa Zango da Baure, ba ta da giwa, amma tana da tsuntsaye. Akwai belbela a bayan shanu, zalɓe a bakin ruwa, cilakowa, hasbiya, shirwa, ga damo da kurege da bushiya. Madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam wuri ne da tsuntsayen ruwa ke sauka. Ga kuma shamuwa, wadda kakanninmu ke gani su ce damina ta ƙarato. Tana zuwa nan ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe a kan itatuwan gari, in damina ta wuce ta nufi kudancin Afirka. Tsuntsun da ke yin tafiyar dubban kilomita ya sauka a bayan gidanku, ai ya cancanci hoto.

Yanzu ga yadda ake yi.

Na ɗaya, lokaci. Awa ta farko bayan fitowar rana, da awa ta ƙarshe kafin magariba. A lokacin haske yana da laushi, kuma dabbobi suna fita kiwo. Da tsakar rana inuwa tana da kaifi, dabba kuma ta shige duhuwa. Ka sa rana a bayanka ko a gefenka. In hazon hunturu ya yi yawa, hoton nesa zai fito fari-fari, sai ka nemi abin da ke kusa.

Na biyu, iska. Wannan ilimin mafarauta ne, je ka tambayi tsoffinsu a ƙauyenku. Dabba mai shayarwa takan ji warinka tun kafin ta gan ka. Ɗebi ƙasa kaɗan ka sake, ka ga inda ƙura ta nufa, sannan ka tunkari dabbar iska tana bugun fuskarka. Tsuntsaye kuwa ido ne ƙarfinsu, don haka bar farar riga a gida, sa mai ruwan ƙasa, kuma kada ka yi motsi da gaggawa.

Na uku, zama. Bin dabba ba ya ba da hoto sai na bayanta tana gudu. Nemi inda take shan ruwa, ka zauna a gindin itace, ka yi shiru minti talatin ko awa guda. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. In ka ga ta daina cin abinci ta kafe ka da ido, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Giwa in ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, gargaɗi take yi. Uwa mai ɗa kuwa, ko giwa ce ko beyar, ba a shiga tsakaninsu.

Na huɗu, kyamara. Ga wata matsala da masu hoton beyar suka sani sarai: kyamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya, don haka baƙar dabba takan fito kamar dunƙulen gawayi, farar kuma ta ƙone. Shamuwa tana da duka biyun, baƙin baya da farin ciki. A waya, taɓa jikin tsuntsun a allo, sai alamar haske ta fito, ka ja ta sama ko ƙasa har gashin ya bayyana. Ga belbela, rage hasken. Ka tabbata idon dabbar ya fito tar, don nan mai kallo ke fara dubawa. Durƙusa ka daidaita da tsayinta. Mai babbar kyamara ya nemi gilashi mai milimita 300 zuwa 400, kuma ga tsuntsu mai tashi ya sa saurin ɗauka ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko fiye. A waya, jawo hoto da yatsu biyu yawanci yanke shi kawai yake yi, sai ya dushe. Dabara mai sauƙi ita ce ka ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa, ka jingina da reshe ko bango don kada hannu ya yi rawa. Ka kashe walƙiyar kyamara, musamman da dare.

Na biyar, abin da za ka yi bayan ka ɗauka. Nan ne nake so mu nutsu. Tambayi iyayenka yadda ungulu take cika mahauta da kasuwa a da. Yau fa? A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin ungulun da muka sani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma farautarta don haɗa magani da tsibbu. To in Allah ya sa ka ga sheƙar ungulu, ka ɗauka daga nesa, amma kada ka rubuta sunan ƙauyen ko ka nuna itacen a Facebook ko TikTok. Ba kowa ke kallon hotonka don sha'awa ba, wani kasuwa yake hange.

Haka nan kama bushiya ko ɗan mujiya a ɗaure masa ƙafa don a yi bidiyo, ko jifan itace don tsuntsaye su tashi. Shamuwar da aka kora daga kan ƙwai da tsakar rana, zafi na iya lalata su cikin ɗan lokaci. Kuma in gonar wani ko garken wani za ka shiga, yi sallama ka nemi izini.

Ga aikin da zan ba ku a wannan makon. Zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, ka je sau uku da sassafe, ka ɗauki duk abin da ka gani, ka rubuta kwanan wata da sunansa na Hausa. In ba ka san sunan ba, nuna wa kakarka. Hoton da ke da kwanan wata shaida ce. Nan da shekara 20, da shi za a san abin da ke zaune a ƙasar Daura a zamaninmu, da abin da ya ɓace.

Ku turo mana hotunanku a ƙasan wannan rubutu, ku faɗi da wace waya kuka ɗauka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.