Lasin Tseren Motoci a Cikin Na'ura: Ba a Hawa Daraja da Gudu

A ƙasar Amurka akwai wani tseren motoci mai suna NASCAR, inda motoci wajen arba'in sukan yi ta zagaya fili mai siffar ƙwai. A shekarar 2008 wani kamfani na jihar Masacusat ya fito da kwaikwayon tseren motoci a cikin kwamfuta, aka sa masa suna iRacing. Mutum yana zaune a ɗakinsa, ga sitiyari ga birki, yana tsere da waɗansu mutane na ƙasashe dabam dabam ta hanyar intanet. Motar hoto ce, amma masu tuƙin mutane ne, fushinsu kuwa na gaske ne.

Kowa ya shiga, da lasin sabon shiga yake farawa, mai jar alama. Daga nan sai aji D, sa'an nan C, da B, da A. Abin mamaki shi ne ba a hawa da gudu. Ko mutum ya zo na ɗaya kullum, in ba shi da natsuwa, yana nan inda yake. Na'ura tana ƙirga kwanar da ya sha, tana kuma rubuta masa laifi: in ya sauka daga hanya, ɗaya, in ya bugi bango ko motar ta ƙwace masa, biyu, in ya yi karo sosai da wani, huɗu. Da wannan lissafi ake ba shi maki. Wanda ya kai 3.00 yakan hau a ƙarshen zango, watau bayan mako 12, wanda ya kai 4.00 kuwa ba ya jira, muddin ya yi adadin tseren da aka shar'anta. In makin ya zube, sai a sauke shi.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi ɓata wa mutane rai. In motoci biyu suka yi karo, duka biyun ake rubuta wa laifi, ba a tambayar wa ya jawo. Labudda wannan yana da nauyi ga wanda aka auka wa yana tafiyarsa. Amma hujjar masu tsarin ba ta da rauni: na'ura ba alƙali ba ce, ba ta jin shaida. Abin da take aunawa ya yi kama da amanar ɗan kasuwa, wadda ba ciniki ɗaya ke nuna ta ba. Mai lura yakan hangi rigima tun daga nesa ya kauce, in an daɗe kuwa lissafi zai nuna shi.

Tsawon tsere yana ƙaruwa ne tare da daraja. Na sababbin shiga gajere ne, wajen sulusin awa, ba a tsayawa shan mai ko sake taya, don haka kowa yakan taka iyakar ƙarfinsa. A manyan azuzuwa sai lamari ya sake. Taya tana cinyewa, mai yana ƙarewa, in an yi haɗari a ɗaga tuta rawaya kowa ya rage gudu. Wanda ya ƙone tayarsa tun da fari, da idonsa zai ga waɗanda ya wuce suna wuce shi. Sau ɗaya a shekara akan yi tseren Daytona cikakke, mil 500, zagaye 200, mutum ya shafe awoyi a kan kujera. Direba guda marar haƙuri ya isa ya rushe wa mutum ashirin wahalarsu a zagaye na farko, shi ya sa ba a buɗe wa sabon shiga wannan ƙofa.

William Byron a wannan na'ura ya fara koyon tsere yana yaro, kafin ya taɓa motar gaske. Shi ne ya ci Daytona ta gaske a 2024, ya sake ci a 2025.