Littattafan Tarihi da Gwamnati a sakandare: Abin da ya kamata iyaye su duba kafin su biya kuɗi

A farkon wannan zangon karatu na ɗauki littafin darasin Gwamnati da 'yata ta gada daga yayanta, ina duddubawa kamar yadda aikin tace labarai ya sabar mini. Ban yi nisa ba na ci karo da kurakurai uku. Littafin ya ce sai mutum ya cika shekara 40 zai iya tsayawa takarar shugaban ƙasa, alhali tun 2018 aka gyara Kundin Tsarin Mulki aka mayar da ita 35. Ya ce ƙungiyar ECOWAS tana da ƙasashe 15, ga shi kuwa Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa a ranar 29 ga Janairun 2025, saura 12. Ya kuma ce Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kan jiragen ƙasa da gidajen yari, abin da gyaran 2023 ya sauya ya ba jihohi dama.

Marubucin bai yi ƙarya ba, domin a lokacin da ya yi rubutun haka abin yake. Sai dai yarinyar da za ta shiga ɗakin jarrabawa da wannan a kanta, ita ce za ta kwana a ciki.

Batun ya ƙara muhimmanci a yanzu saboda sauye-sauyen da darasin Tarihi ya sha. An cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun shekarar karatu ta 2009/2010, bisa hujjar cewa ɗalibai ba sa sha'awarsa, malamansa sun yi ƙaranci, kuma waɗanda suka karance shi ba sa samun aiki. A babbar sakandare ya rage a matsayin darasin zaɓi, inda yawancin ɗaliban ɓangaren adabi suka riƙa fifita Gwamnati a kansa. A watan Nuwamban 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi bikin dawo da shi, tare da sanar da horas da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma aka fito da sabuwar manhaja da ta wajabta Tarihin Najeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ƙirƙiro wa babbar sakandare darasin dole da ya haɗa tarihi da sanin haƙƙin ɗan ƙasa da ilimin zamantakewa. Sanarwa ba ta ɗaukar fiye da yini guda. Rubuta littafin da ya dace da ita, a tantance shi, a buga, ya iso kantin da ke unguwarku, wannan aikin shekaru ne.

Matakan da littafi ke bi

Mutane da dama suna ɗaukar manhaja da littafi abu guda ne, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. Manhaja takarda ce da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ke tsarawa, mai fayyace abin da za a koyar a kowane aji da abin da ake so ɗalibi ya iya bayan an koyar da shi. Hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO da JAMB, kowace tana da nata jadawalin batutuwan da za ta yi tambaya a kansu. Sannan ne kamfanonin ɗab'i ke ɗaukar marubuta su rubuta littattafai bisa waɗannan takardu. NERDC tana tantance littattafai, ma'aikatun ilimi na jihohi suna fitar da jerin waɗanda suka amince da su, makaranta kuma ta zaɓi nata daga ciki, ko kuwa, kamar yadda ake gani a wasu makarantun kuɗi, ta zaɓi wanda dillali ya fi ba ta ragi.

A aikace, jarrabawa ce ke jan ragamar komai. Shi ya sa littattafan da suka fi tafiya a kasuwa su ne masu taƙaita darasi cikin 'yan layuka da masu tattara tsofaffin tambayoyi. Yaro zai jero maka tsare-tsaren mulkin Clifford na 1922 da Richards na 1946 da Macpherson na 1951 da Lyttleton na 1954 ba gargada, har da alfanu biyar da illoli biyar na kowanne. Tambaye shi wane ne ke da alhakin gyara magudanar ruwan da ke ƙofar kasuwarsu tsakanin ƙaramar hukuma da jiha, sai ya tsaya yana kallonka. Jawabin kuwa yana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, da suka haɗa da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara. Ɗalibai ƙalilan ne suka taɓa riƙe kundin da hannunsu, duk da cewa ana samunsa kyauta a intanet.

Matsalar littafin Tarihi ta fi zurfi

Littafin Gwamnati tsufa yake yi, kuma sabon bugu yana maganin hakan. Na Tarihi cutarsa daban ce: yana iya fitowa daga maɗaba'a bana, amma ra'ayin da ke cikinsa na shekara sittin da suka wuce ne.

A ɗauki asalin ƙasashen Hausa. Littattafai da yawa suna kawo labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu da Hausa Bakwai da Banza Bakwai, su tsaya a nan kamar an gama magana. Labarin yana da darajarsa, rijiyar tana nan a Daura, kuma ya kamata kowane yaro ya san shi. Amma tun 1970 Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya assasa cibiyar Arewa House a Kaduna, ya yi bayanin cewa daulolin Hausa sun ginu ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni mai ganuwa, a wuraren da ke da tama da ƙasar noma da hanyoyin fatauci, kamar gindin Dutsen Dala. Ɗalibin da aka ba shi bayanan nan biyu, aka ce ya auna hujjar kowanne, ya fara koyon tarihi ke nan. Wanda aka ba guda ɗaya ya haddace, tatsuniya kawai aka ƙara masa.

Haka batun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Har yanzu akwai littattafan da ke gabatar da shi a matsayin yaƙin Fulani da Hausawa, fassarar da aka gada daga marubutan zamanin Turawa. Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙalubalanci wannan kallo na ƙabila a littafinsa kan Katsina da ya fito a 1981. Hujjojin ma a fili suke: Abdussalami, ɗaya daga cikin fitattun almajiran Shehu, ba Bafillace ba ne, haka nan Yakubu da ya karɓi tuta ya kafa Bauchi. A ƙasar da ake saurin mayar da kowace rigima ta ƙabilanci, abin da aka cusa wa ɗan shekara goma sha biyar a kan wannan batu ba ƙaramin al'amari ba ne.

Akwai kuma yadda labari ke yankewa a bakin iyaka. Littafi zai ce Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga nan Gobir ta ɓace daga shafukansa. Ba zai faɗa wa yaro cewa zuriyar sarakunan Gobir sun kafa Tsibiri, na Katsina kuma sun zauna a Maraɗi, duka a Jamhuriyar Nijar ta yau ba. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ta Jibiya ya fi littafin ɗansa sanin wannan.

Ba rashin ingantattun madogara ne ya jawo haka ba. Groundwork of Nigerian History, wanda Obaro Ikime ya tace wa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1980, yana nan. Ayyukan J.F. Ade Ajayi da Adu Boahen da Michael Crowder su ne suka raini ɗaliban sakandare na shekarun 1970 da 1980. Da Hausa ma akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Kano ta Dabo Cigari, kuma an fassara Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda yaro zai karanta musayar wasiƙun Sakkwato da Shehu Al-Kanemi na Borno, ya ga yadda malamai biyu suka yi jayayya da hujja. Ba za a yi jarrabawa da waɗannan ba, amma yaron da ya karanta su a gida zai fahimci abin da malami ke faɗa da Turanci a aji. Ziyarar yini guda zuwa Gidan Makama a Kano ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ma ba ta kai kuɗin littafi biyu ba ga mazauna garuruwan.

Kafin a biya kuɗi

Mai sayen littafi ya buɗe bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu. A lura da bambanci tsakanin sabon bugu da aka yi wa gyara da tsohon da aka sake bugawa kawai aka canza masa bango. Gwajin da ya fi sauƙi ga littafin Gwamnati shi ne a nemi shekarun takara da babin ECOWAS, minti biyu sun isa. A kuma nemi malamin darasin ya nuna jadawalin WAEC ko NECO na shekarar da yaron zai zana jarrabawa, a gwada shi da jerin babobin littafin. Idan farashi ya yi arhar da ta wuce hankali, takarda ta yi shara-shara, taswirori sun dusashe, to akwai yiwuwar na jabu ne, kuma masu satar fasaha ba su damu da wane bugu suka kwafa ba.

Ni dai na ɗauki jan biro na gyara wurare ukun nan a littafin 'yata, na sauko mata da Kundin 1999 mai ɗauke da gyare-gyaren 2023 a waya. Sabon littafi kuwa sai na ga wanda aka rubuta bisa manhajar 2025 kafin in zaro kuɗina.