Bugun Zuciya Marar Tsari ga Masu Motsa Jiki Sosai

Kana buga ƙwallo a Dugoi cikin Marwa, ko kana burin wata rana ka sa rigar Coton Sport a filin Roumdé Adjia na Garwa? To, ka san ƙarfin jiki ba ya hana ciwon zuciya.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Wani lokaci na saman sukan daina matsa jini yadda ya kamata, su riƙa karkarwa kawai, sai bugun ya rikice. Wanda ya yi shekaru da yawa yana gudu mai nisa ko tseren keke, ɗakunan nan sukan buɗe su ƙara faɗi, shi ya sa abin ya fi samunsa, musamman namiji da ya fara manyanta. Hawan jini, shan giya da ciwon da ya lalata ƙofofin zuciya tun ƙuruciya su ma suna kawo shi.

Ba wannan ne ya kashe Marc-Vivien Foé a Lyon a 2003 ba. Shi naman zuciyarsa ne ya yi kauri. Wannan ciwon ba kasafai yake kayar da mutum nan take ba. Haɗarinsa shi ne jini yakan kwanta a ɗakin da ke karkarwa ya yi guda, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Da safe kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya. Idan ka samu 50 kada ka tsorata, zuciyar ɗan wasa takan yi a hankali. Abin lura shi ne tsari: tana tafiya daidai, ko tana sauri ta tsaya ta sake zabura?

In ka ji haka, ko ƙirjinka na fat-fat, ko kana haki a gudun da ka saba, je asibiti a yi maka awon zuciya na ECG. Gara ka je lokacin da kake jin abin, domin yakan zo ya tafi, awon ya fito lafiya lau. Akwai maganin da ke rage saurin bugun, akwai na hana jini yin guda. Likita ne zai zaɓa maka, kada ka saya a kasuwa. Yawanci ba za a ce ka bar wasa ba, rage atisaye za a sa ka yi.

Idan baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, a kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.