Tsanantawa da Tallafa wa Raunana a Tunanin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya

Kalmar "tsanantawa" ita ce Kiristoci masu ibada da Hausa suke amfani da ita wajen ambaton wahalar da ake ɗora wa mutum saboda bangaskiyarsa. Tushenta ɗaya da tsanani, amma a bakin masu wa'azi ma'anarta ta kai har ga tambayar abin da ya wajaba a kan wanda aka zalunta. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta daɗe tana fama da wannan tambaya.

Asalin ɗariƙar daga Jamus ne, inda Alexander Mack da mutane bakwai suka kafa ta a Schwarzenau a 1708. Matsin hukuma ya sa mabiyanta suka yi ƙaura zuwa Amurka, suna riƙe da aƙidar ƙin ɗaukar makami. A ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida. Tun farko aikin ya karkata ga waɗanda jama'a take ƙyama, musamman kutare, aka buɗe musu wurin jinya. Hausa kuwa ta zama harshen da ya haɗa Bura da Margi da Kibaku da Kamwe a majami'a ɗaya, shi ya sa har sunan ekklesiyar da Hausa yake.

Shekarar 2014 ta gwada wannan aƙida. Mafi yawan ɗalibai mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu 'ya'yan EYN ne, sannan a watan Oktoba mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Amsar da malamanta suka bayar ta dogara ga Wa'azin Kan Dutse a Matiyu sura ta 5, inda aka hana ramuwa, da kuma sura ta 25, wadda ta ɗauki ciyar da mayunwaci da sauke baƙo a matsayin hidima ga Almasihu kansa. A wannan fahimta, wanda aka kora daga gidansa bai kuɓuta daga haƙƙin maƙwabcinsa ba, ko da addininsu ya bambanta. Matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, wanda wani jami'in EYN ya jagoranci kafawa, ya zaunar da Kiristoci da Musulmi 'yan gudun hijira wuri ɗaya, da coci da masallaci.

Sai dai matsayin bai rasa masu ja da shi ba. Akwai matasan da suke ganin haƙuri ba tare da kariyar kai ba tamkar miƙa wuya ne ga wuƙa, kuma da wuya a gamsar da uban da bai ga 'yarsa ba shekara da shekaru. Har yau ana wannan muhawara da Hausa a tarukan matasa da na Zumuntar Mata.