Miliyan 83 ko miliyan 133: Yadda ake auna talauci a Najeriya

A watan Mayun 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar da cewa kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato kimanin mutum miliyan 83, suna cikin talauci. Bayan shekara biyu da rabi, a watan Nuwamban 2022, hukumar ta sake fitar da wani rahoto da ya ce kashi 63 cikin ɗari ne, mutum miliyan 133. Tun daga lokacin ake ta jifan juna da waɗannan alƙaluma a majalisu da gidajen rediyo, kowa na ɗaukar wanda ya dace da hujjarsa. Wasu ma sun fassara lamarin da cewa mutum miliyan 50 ne suka faɗa cikin talauci a ɗan wannan taƙin.

Ba haka abin yake ba. Rahotannin biyu ba abu ɗaya suka auna ba, kuma kwatanta su kai tsaye tamkar kwatanta awon mudu ne da awon sikeli.

Rahoton farko ya samo asali ne daga binciken yanayin rayuwar iyalai da aka gudanar a 2018 zuwa 2019. Ma'aikatan hukumar sun shiga gidaje suna tambayar abin da iyali suka ci da abin da suka kashe. Dalilin da ya sa aka fi dogara da abin da gida ya ci a kan abin da ya samu shi ne, akasarin 'yan ƙasa ba su da albashi. Manomin da ya girbe gero a kaka ba zai iya faɗin kuɗin shigarsa na wata ba, amma matarsa ta san mudu nawa ake aunawa a kullum. Saboda haka har abincin da iyali suka noma da kansu akan yi masa kuɗi bisa farashin kasuwa a shigar da shi cikin lissafi.

Daga nan sai a ja layi. An ƙiyasta kuɗin abincin da zai ba jiki ƙarfin da yake buƙata a yini, aka ɗora masa kuɗin sauran larurori kamar sutura da muhalli da magani, jimilla ta kama naira 137,430 ga kowane mutum a shekara. Idan aka raba, kusan naira 376 ke nan a rana. Duk wanda abin da yake ci da kashewa bai kai haka ba, shi ne matalauci a wannan awo. Sakamakon ya nuna tazara mai faɗi: kashi 18 cikin ɗari a birane, kashi 52 a karkara. A jihohin Sakkwato da Taraba da Jigawa adadin ya haura kashi 87, alhali a Legas bai kai kashi 5 ba. Jihar Borno kuwa ba ta shiga jimillar ƙasa ba, domin matsalar tsaro ta hana masu bincike isa sassa da dama.

Wannan awo yana da sauƙin fahimta, amma yana saurin tsufa. Hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, ta cinye darajar wancan layi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, idan magidanci mai ciyar da mutum shida ya raba shi, kowa zai tashi da kimanin naira 390 a rana. Da ƙyar ya zarce layin 2019, alhali farashin abinci ya ninka fiye da sau biyu tun daga lokacin.

Bankin Duniya ma yana da nasa layin, wanda ake amfani da shi wajen kwatanta ƙasashe. Ya fara da dala 1 a rana a 1990, ya koma dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a watan Yunin 2025. A nan ma akan yi kuskure. Ba canjin kasuwar 'yan canji ake nufi ba. Ana lissafi ne da abin da kuɗin zai iya saya a cikin kowace ƙasa.

Rahoton 2022 ya bi wata hanya dabam. Tushensa shi ne tunanin masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, cewa talauci ya wuce rashin kuɗi a aljihu, ya haɗa da rashin damar yin rayuwa mai mutunci. Wasu masana biyu, Sabina Alkire da James Foster, suka mayar da wannan tunani hanyar lissafi, kuma tun 2010 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya take amfani da ita tare da wata cibiyar bincike ta Jami'ar Oxford. Najeriya ta daidaita hanyar da yanayinta, aka ziyarci gidaje sama da 56,000 a dukkan mazaɓun sanatoci 109.

A wannan karo ba a dubi aljihu ba. An duba alamomi 15 a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai kuma aikin yi da bala'o'in da ke faɗa wa iyali. Akwai yaro mai tamowa a gidan? Sai an yi tafiyar rabin sa'a ko fiye a ƙafa kafin a isa asibitin da ke aiki? Akwai yaron da ya isa shiga makaranta amma yana gida? Da me ake girki, ina ake ɗebo ruwa, wane irin bayan gida ake da shi? An taɓa kai wa iyalin hari ko sace musu wani? Kowace alama tana da nauyinta, kuma gidan da rashinsa ya kai kashi 26 cikin ɗari na jimillar nauyin, an ƙidaya shi cikin matalauta.

Da wannan awo aka gano cewa kashi 65 cikin ɗari na matalautan ƙasar, mutum miliyan 86, suna Arewa, sauran miliyan 47 suna Kudu. Sakkwato ce ta sake zama kan gaba da kusan kashi 91, Ondo kuma ta fi kowace jiha sauƙi da kashi 27. Kusan biyu cikin kowane yara uku suna cikin gidajen da aka ƙidaya matalauta.

Jihar da ta fi nuna amfanin awo na biyu ita ce Bayelsa. A lissafin kuɗi na 2019, matalautanta ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. A lissafin 2022 sai ga ta ta biyu a ƙasa baki ɗaya, da sama da kashi 88. Masunci a ƙauyen da ke tsakiyar ruwa yana iya samun kuɗin cefane a kullum, amma babu ruwan sha mai tsabta, babu asibiti kusa, makaranta kuma sai an hau kwalekwale. Kuɗin da ke hannunsa ba zai saya masa abin da babu shi a yankin ba. Kuma wannan jiha ce mai arzikin man fetur.

A nan ne awo yake haɗuwa da siyasa. Idan matsalar ta aljihu ce, maganinta ya fi karkata ga samar da aiki, daidaita farashi da tallafin kuɗi. Idan kuwa ta rashin asibiti ce da rijiya da aji, to yawancin waɗannan ayyuka suna wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Shi ya sa jim kaɗan bayan fitar rahoton, ƙaramin ministan kasafi da tsare-tsare na lokacin, Clem Agba, ya zargi gwamnoni da fifita gadojin sama da filayen jirgi a manyan birane a kan buƙatun karkara, gwamnonin kuma suka mayar da martani cewa rashin tsaro, wanda ke hannun tarayya, shi ya kori manoma daga gonakinsu. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wanda ya ƙaryata alƙaluman.

Shirye-shiryen yaƙi da talauci ba baƙi ba ne a ƙasar. An kafa NAPEP a 2001. A 2016 aka ƙaddamar da shirin tallafin jin ƙai da ya ƙunshi N-Power, ciyar da 'yan firamare, rancen ƙananan 'yan kasuwa, da biyan naira 5,000 duk wata ga gidaje marasa ƙarfi; wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su daga kuɗaɗen marigayi Janar Sani Abacha. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnati ta tsara ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku, tare da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya.

Ƙashin bayan irin wannan shiri shi ne rajistar marasa galihu ta ƙasa. Akan fara da zaɓen yankunan da suka fi talauci, sai mutanen gari su taru su bayyana waɗanda suke gani matalauta ne a cikinsu, daga baya ma'aikata su je su tantance gidajen. Tsari ne mai ma'ana, domin maƙwabci ya fi baƙo sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Amma rajista ma tana tsufa: wani ya rasu, wani ya yi hijira, wani da ke da rufin asiri bara 'yan bindiga sun kwashe masa shanu bana. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta nuna shakku a kan sahihancinta, a watan Janairun 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci domin bincike. Da aka ci gaba, an sharɗanta tantance masu karɓa ta lambar shaidar ɗan ƙasa ko ta banki, matakin da ke rage coge amma yake wahalar da mazauna ƙauyukan da babu cibiyar rajista ko banki kusa da su.

Tallafin kuɗi ya yi tasiri a wasu ƙasashe. Meziko ta fara nata a 1997, Barazil a 2003, kuma duka biyun sun ɗaura biyan kuɗin a kan zuwan yara makaranta da kai su asibiti. Sharaɗin ya yi aiki ne a inda makarantar da asibitin suke tsaye. Sin, wadda Bankin Duniya ya ce ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara 40, ta fara ne da gyaran harkar noma a ƙarshen shekarun 1970, kafin masana'antu su ɗebi ɗimbin ma'aikata daga karkara.

Akwai kuma wata matsala da ke ƙarƙashin dukkan waɗannan alƙaluma. Bincike yana ba da kaso ne cikin ɗari; kafin a ce miliyan kaza, sai an ninka kason da yawan al'umma. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka miliyan 83 da miliyan 133 duka an ɗora su ne a kan hasashen yawan jama'a, kuma a kan wannan hasashe ake tsara yawan gidajen da kowace jiha za ta samu a rabon tallafi.