MACIJI MA RAI GARE SHI: Ina Dalilin Azabtar da Igiyar Ƙasa?

Duk wanda ya taɓa zama a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa a Sabon Badun da na Shagamu, ya san yadda akan yi in aka ce ga maciji. Kafin ƙiftawar ido mai shayi ya bar tukunyarsa, ɗan acaɓa ya jingine babur, maigadi ya taso da gora. A yi ta jifa har a karya masa gadon baya. To, da a nan abin yake tsayawa da sauƙi. Amma sai wani ya ce a kawo fetur. A tuttula masa, a ƙyasta ashana, yana ta murɗe-murɗe cikin wuta, manya na shewa, yara na tsalle, wasu na ɗaukar hoto da waya. In an gama a rataya gawar a sanda a zaga unguwa da ita.

Da za a tambayi mutanen nan wane irin maciji ne suka ƙona, da wuya a sami wanda zai iya faɗa. Wa ya sara? Babu. Laifinsa ke nan an gan shi.

TSORON YANA DA DALILI

Ba wanda zai ce tsoron maciji wauta ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutum wajen miliyan 5 a kowace shekara, ana kuma rasa rayuka tsakanin 81,000 da 138,000. A 2017 hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Mutanen Kaltungo a Jihar Gombe, da na Langtang a Jihar Filato, ba a ba su labari. A can kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, takan addabi manoma da makiyaya, musamman lokacin shuka da na girbi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi da wurin saran. Saboda ita ne har aka keɓe asibiti guda a Kaltungo domin masu saran maciji.

Amma ga abin lura. Cikin irin macizai wajen 4,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, cikin waɗannan kuwa wajen 200 ne ke da hatsari sosai ga ɗan Adam. A Arewa, guda uku ne suka fi yin ɓarna: kububuwa, da kasa, da gamsheƙa mai tsartuwa. Mesa, duk girmanta, ba ta da dafi. Haka nan macijin gida mai ruwan ƙasa, wanda ke bin ɓera cikin rufi da bayan buhuna. Watau da yawa daga cikin waɗanda ake ƙonawa a tasha da kasuwa ba su da abin da za su kashe mutum da shi.

WASAN GARDI DA KASUWAR FATA

Ba a gaban taron fushi kaɗai maciji ke shan wuya ba. Mai karatu ya san gardawa masu yawo da macizai a akwati ko cikin ƙwarya, suna wasa a bakin kasuwa suna sayar da laƙanin tsari. Abin da 'yan kallo ba sa gani shi ne yadda wasu daga cikinsu ke shirya macijin: a ɓalle masa haƙoran dafi da ƙarfe, wani ma a ɗinke masa baki. Bakin ya ruɓe, ya kasa ci, ya yi ta ramewa har ya mutu, a jefar a kamo wani. Rawar da ake cewa yana yi wa kiɗa kuwa ba rawa ba ce. Maciji ba shi da kunne a waje. Tsoro ne ya sa ya fasa kai, yana bin motsin hannun mai wasa da ido. Har wa yau haƙorin da aka cire yakan sake tsirowa, shi ya sa akan ji gardi ya mutu a bakin macijinsa.

Sa'an nan ga kasuwa. A Epe da wasu kasuwannin naman daji na Kudu akan kasa mesa gunduwa-gunduwa. Fatarta ta tafi majema a yi jaka da takalmi, kitsenta ya shiga kwalabar mai maganin gargajiya. Ita kuwa ƙaramar mesa, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo ta ɓoye kanta, ana fitar da dubbanta kowace shekara daga Togo da Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonta don ado. Uwar mesa takan naɗe ƙwanta ta kwanta a kai har a ƙyanƙyashe, kuma a wannan hali ne mafarauta suka fi samunta, su kwashe uwa da ƙwai gaba ɗaya.

WA YA YI ASARA?

Manomi ya san ɓarnar ɓera a rumbu, mai sayar da hatsi a Mile 12 ya san ta a sito. Abincin macizai da yawa kuwa ɓera ne. Ɓeran nan ba hatsi kaɗai yake ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake kama mutane, kuma jihohin Ondo da Edo, inda 'yan Arewa da dama ke ci-rani, suna cikin waɗanda ya fi damu. Wanda ya kashe duk macijin da ke kewayen sitonsa, ya kori maigadin da ba ya karɓar albashi.

Wani abin mamaki kuma, maganin saran maciji daga jikin maciji mai rai yake fitowa. Akan tatsi dafinsa, a yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, har jininsu ya koyi yaƙi da dafin, sa'an nan a tace maganin daga jinin. Maganin da ake kira EchiTAb, wanda ya ceci rayuka masu yawa a Kaltungo, da dafin macizan Nijeriya aka haɗa shi. An kai macizan makarantar binciken cututtuka ta Liverpool a Ingila, aka yi iri ɗaya na maganin a Wales, ɗaya a Costa Rica. Masana irin su Farfesa David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, sun ɓata shekaru a kan wannan fanni. Gawar da aka ƙona da fetur ba ta warkar da kowa.

ABIN DA ADDINI DA DOKA SUKA CE

Malamai sun bayyana cewa Musulunci ya halatta kashe maciji mai cutarwa. Amma halatta kisa daban, halatta azaba daban. Hadisai sun hana azabtarwa da wuta, sun kuma yi umarni da a kyautata ko da wajen kisa da yanka, watau a yi shi da sauri ba da wasa ba. Kowane ɗalibin islamiyya ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Game da macizan cikin gida ma, an zo da umarnin a yi musu gargaɗi na kwana uku, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko a Madina kaɗai hukuncin ya tsaya. Kiristoci kuma Littafin Misalai ya koya musu cewa kula da ran dabba halin adali ne.

Ko a tarihin Daura, macijiyar rijiyar Kusugu ba don nishaɗi Bayajidda ya kashe ta ba. Hana mutane ruwa take yi sai ranar Juma'a, kuma sare mata kai ya yi, ba wasa ya yi da ranta ba.

Ta fuskar doka, sashe na 495 na tsohon kundin laifuffuka na Kudu ya haramta zaluntar dabbar gida ko wadda aka kama aka tsare. A 1985 kuma gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 domin kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Dokokin suna nan a takarda, aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Baƙo a Kudu yana da ƙarin dalilin yin hattara. A ƙasar Idemili ta Jihar Anambra, mutanen gari suna girmama mesa, ba a taɓa ta, kuma bisa al'adarsu wanda ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum. Haka ma a Nembe ta Jihar Bayelsa ana girmama ta. Ba a ce baƙo ya bi aƙidar kowa ba, amma ɗan kasuwar da ya ɗaga gora a irin waɗannan wurare yana iya jawo wa kansa da 'yan'uwansa rigimar da ta fi ƙarfin sarkin Hausawan garin.

TO, YAYA ZA A YI?

In an ga maciji, a ja da baya, a janye yara, a ba shi hanya, domin shi ma gudu yake nema. Mutane da dama garin kisa ko kamu ake saransu, kuma kan da aka sare ma yana iya sara bayan an raba shi da jiki. A share ciyawa da tarkace a kewayen ɗaki, a toshe ramukan ɓera, a riƙa ɗaukar tocila da dare, a sa takalmin roba in za a shiga gona. A Ikko akwai likitocin dabbobi da masu aikin sa kai da ke zuwa su ɗauke maciji su mayar da shi daji.

In ƙaddara ta faɗa aka sari mutum, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci neman macijin. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a garzaya asibiti. In gamsheƙa ta yi tsartuwa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan.

Idan kuwa mai dafi ne ya shiga ɗakin yara, babu mafita sai kisa, to, a yi shi a bugu ɗaya, ba fetur, ba shewa. Yaran da ke tsaye a gefe suna kallo, kuma yaron da ya koyi dariya a kan abu mai rai yana ƙonewa, ba a san inda zai kai wannan darasi ba in ya girma. Allah Ya sa tausayi a zukatan bayinSa, amin.