Haruffan Bayan Fijo 504: Hoton Da Za A Ɗauka Da Waya Kafin A Yi Fenti

A bakin Kantin Kwari har yau ba a rasa tsohuwar Fijo a-kori-kura tana jiran lodin dilolin atamfa. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma a Najeriya an ci gaba da ƙera 504 har 2006, shekaru da dama bayan Turawa sun daina. Shi ya sa matashin da ya gaji irinta a Fagge bai cika shan wahalar kayan inji ba. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙaramin abu: haruffan PEUGEOT da lambar 504 na bayan but.

Tsofaffin haruffan suna da 'yan ƙusoshi a bayansu da ke shiga ramukan da aka huda tun daga masana'anta. Idan mota ta je wurin fanal-bita, yakan ciccire su, ya toshe ramukan, mai fenti ya rufe komai. Ranar mayarwa sai a koma kintace. Wanda ya huda sabon rami a gurguwar wuri ya ɓata fentin da ya biya, kuma ya buɗe wa tsatsa ƙofa, domin ruwan damina ta nan zai fara cin ƙarfen.

Maganin yana cikin aljihu. Kafin a cire komai, a ɗora tef ɗin awo na tela a jikin but ɗin, a ja baya kamar taku huɗu, a ɗauki hoto daidai saitin haruffan. Kada a yi amfani da kyamarar 0.5x, tana lanƙwasa gefen hoto, awon ya yi ƙarya. A buɗe but ɗin a ɗauki cikinsa ma, saboda ko an toshe ramuka daga waje, sau da yawa alamarsu na nan ta ciki. Hotunan intanet na taimakawa, amma zaman tambarin ya bambanta daga shekara zuwa shekara, haka tsakanin GL da GR da SR.

Akwai tarko ɗaya. Manhajar gwada daidaito, irin wadda ke cikin Measure na iPhone, da ƙasa take aiki. Motar da ta shekara talatin tana dakon kaya sifirin ɗinta ya kwanta gefe guda, garejin ma ba lallai ya daidaita ba. Waya za ta ce layi ya miƙe, ido kuwa ya ga rubutu a karkace. A auna daga bakin but ɗin zuwa harafin farko da na ƙarshe, sannan a ja layi da tef na takarda.

Na asali, a Ƙofar Ruwa ake lalubensu cikin kayan gwanjo. Sababbin da ake samu a shagunan Sabon Gari ko ta intanet galibi roba ce mai gam a baya. Ba laifi, in dai gam ɗin na mota ne irin na 3M, an bar fenti ya bushe sosai, an kuma goge ƙura da sfirit kafin a manna. Gam mai araha ba ya jure ranar Afrilu.

Harafin da ya ɓace ana iya buga shi da na'urar 3D. Sai dai robar PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma baƙin but a ranar Kano na iya kaiwa haka. ASA ko ABS ta fi. Manhajoji irin su Polycam suna rikicewa a kan ƙarfe mai sheƙi, don haka a ɗan barbaɗa wa harafin da aka aro hoda kafin a zagaya shi da kyamara.